Me ya hana Koriya ta Kudu ciyar da ƴar'uwarta ta Arewa?

Uwar Tagwaye, Tawa

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a nan Tawa, ɓangaren yara masu tamowa. Sikeli da igiyar awon damtse da rabon Plumpy'nut, abincin gyaɗar nan da ake ba yara masu rama, aikina ke nan. Tambaya ce ta kawo ni, kuma ba ta asibiti ba ce.

Na ji a rediyo ana cewa Koriya ta Kudu tana ba PAM, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, shinkafa kowace shekara, ana kai wa Habasha da Kenya da Yuganda da Yaman. Madalla, Allah ya saka. To amma rediyon nan dai shi ke cewa a Koriya ta Arewa wajen mutum huɗu cikin goma ba sa samun abin da zai ishe su. Abin ya ɗaure mini kai. Harshe ɗaya, kakanni ɗaya, waya ce kawai aka ja a tsakani. Yaya za a loda buhuna a jirgin ruwa a ƙetare teku da su, a bar ɗan'uwan da kamyo zai isa ƙofarsa kafin azahar? Rowa ce, ko can ɗin ne ba a karɓa?

Sai ta biyu, wadda ta fi shafar sana'ata. Wai da gaske ne mutanen Arewa sun fi na Kudu gajarta? In haka ne, to ba yunwar shekara ɗaya ba ce, domin mu masu awon yara mun san rama daban, tsumburewa daban. Wani abokin aikina ya ce duk farfagandar Turawa ce, in daina ƙona kuɗin intanet a kanta. Ni kuwa na fi son in ji daga bakin wanda ya karanta. Kuma don Allah a faɗa mini abin da suke ci a can, ba lissafin makamai nake nema ba.

Mushe Ɗan Ader, Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu da aiki, Allah shi ba ku ladar yaran nan. Tarihi da labarin ƙasa na koyar har na ajiye alli, kuma Koriya na cikin darussan da nake so, don ita ce ke ƙaryata mai cewa yunwa daga sama kaɗai take saukowa.

An kai musu, an sha kaiwa. Wani lokaci sun karɓa, wani lokaci sun mayar. Amma bari in faro miki daga baya.

An raba ƙasar a 1945 bayan Japan ta sha kaye, Rasha, wato Tarayyar Sobiyet ta lokacin, ta riƙe arewa, Amurka ta riƙe kudu. Yaƙi ya ɓarke a 1950, aka tsagaita wuta a 1953, kuma har yau ba a sa hannu a kan sulhu ba. Abin da kan ba ɗalibaina mamaki shi ne, a wancan zamani Kudu ce matalauciya. Masana'antu da ma'adinai da madatsun lantarkin da Japan ta bari, galibinsu a arewa suke. Kudu fadamun shinkafa gare ta da bakuna masu yawa. Kowace shekara in shinkafar bara ta ƙare, sha'ir bai nuna ba, sai ƙauyuka su shiga irin halin da muke shiga tsakanin shuka da sabon hatsi. Garin alkama da garin madara na Amurka ne suka riƙe su. PAM ɗin nan da kika ambata ta yi shekara 20 tana ciyar da su, daga 1964 zuwa 1984. Taliyar ledar nan da suka shahara da ita, a 1963 aka fara yin ta a can, saboda alkama ta fi shinkafa samuwa. Zamanin shugaban Kudu Park Chung-hee har malaman makaranta ake sawa su buɗe kwanon abincin ɗalibi, su duba ko uwar ta gauraya shinkafar da sha'ir. Ni an sa ni ayyuka marasa kan gado iri-iri a makaranta, amma ba a taɓa sa ni leƙen akushin yaro ba. Daga baya suka fito da wani irin shinkafa mai suna Tongil, tare da cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin. Ba ta da daɗin baki, amma tana cika rumbu, kuma wajen 1977 suka wadatu.

Arewa kuwa duwatsu ce, abin nomawa bai kai ɗaya cikin biyar na ƙasar ba, ga dogon sanyi. Shugabansu na farko, Kim Il Sung, ya ce sai sun ciyar da kansu ko ta halin ƙaƙa. Aka haɗe gonaki ƙarƙashin gwamnati, aka jingina noma da takin zamani da tarakta da famfunan ban ruwa masu aiki da lantarki, aka sassabe gangaren duwatsu aka shuka masara. Hatsi ba abin kai wa kasuwa ba ne. Ma'aikaci kati gare shi, sau biyu a wata ya je ya karɓi rabonsa, wajen giram 700 a rana ga mai aiki, yara da tsofaffi ƙasa da haka. Tsarin ya yi shekaru yana tafiya, sai dai da man Tarayyar Sobiyet yake tafiya, wanda ake ba su a farashin zumunci. Da Sobiyet ta wargaje a 1991, mai ya yanke, masana'antar taki ta tsaya, famfo ya tsaya. Tun lokacin gwamnati ta fara kiran jama'a su koma cin abinci sau biyu a rana. Sannan ambaliya ta zo a 1995 da 1996, ta gangaro daga duwatsun da aka aske, fari ya biyo baya a 1997.

Ki lura da wanda ya mutu, ɗiyata. Manomi yana iya ɓoye ɗan abu. Wanda abin ya fi ci shi ne ma'aikacin birni mai kati, musamman a garuruwan masana'antu na arewa maso gabas irin su Chongjin da Hamhung, mutumin da aka raina a kan cewa ranar rabo ba ta saɓawa. Ya yi ta zuwa ana ce masa ya dawo. Ba shi da gona, ba shi da izinin zuwa wani gari nema, saye da sayarwa kuma laifi ne. Mutane suka ci ɓawon itace da ciyawa da niƙaƙƙiyar totuwar masara. Ana gardama a kan yawan waɗanda suka rasu, daga dubu ɗari biyu da wani abu har miliyan biyu ko uku. Masu binciken da na fi yarda da lissafinsu sun tsaya tsakanin 600,000 da miliyan 1, a ƙasar da ke da mutum wajen miliyan 22 a lokacin. Mu a yunwar El-Buhari ta 1984, duk da an rufe iyakar Najeriya, babu wanda ya hana ka barin ƙauye ka nufi Ƙonni ko Yamai, babu wanda ya kama mace don ta jiƙa anza ta kai kasuwa.

Yanzu ga tambayarki. A 1995 Arewa ta yi abin da ba ta saba ba, ta nemi taimakon duniya. A shekarar Kudu ta aika tan 150,000 na shinkafa, kuma tun jirgin farko aka soma rigima, don an tilasta masa ɗaga tutar Arewa a tashar Chongjin. A 1998 attajirin da ya kafa kamfanin Hyundai, Chung Ju-yung, wanda haifaffen Arewa ne, ya ƙetara iyaka da shanu 1,001 a manyan motoci, a tafiya biyu. Yana saurayi ya ɗauke kuɗin saniyar da mahaifinsa ya sayar ya gudu Seul, babban birnin Kudu a yau, to bashin saniyar nan ya koma biya. Zamanin shugabannin Kudu Kim Dae-jung da Roh Moo-hyun, daga 2000 zuwa 2007, a yawancin shekaru tan 400,000 zuwa 500,000 na hatsi ke tafiya da sunan bashi, ga takin zamani a kai. Bashin ba a biya shi ba. Da mulki ya sauya hannu a Seul a 2008 aka tsuke, bayan nutsewar jirgin yaƙin Cheonan a 2010, inda sojan ruwa 46 suka mutu, aka kusan rufewa ɗungurungum. A 2019 Kudu ta ware tan 50,000 ta hannun PAM, Arewa ta ƙi karɓa saboda atisayen soja da Kudu ke yi da Amurka. A 2024 ambaliya ta ci yankin Sinuiju a Arewa, Kudu ta sake tayi, ba a kula ta ba. Kafin nan ma shugaban Arewa Kim Jong Un ya riga ya shelanta cewa Kudu abokiyar gaba ce, an bar maganar haɗewa.

Kuma kada ki ɗauka kullum daga kudu hannun ke miƙuwa. A 1984, muna tsakiyar tamu masifar, ambaliya ta yi ɓarna a Kudu, sai Arewa ta yi tayin shinkafa da yadi da siminti da magani. Kudu ta riga ta fi ta arziki nesa ba kusa ba, amma ta karɓa, shinkafar wajen tan 7,000. Ana cewa mai tayin bai zaci za a amsa ba. Tsakanin gwamnatocin nan biyu, wanda ya karɓi buhu tamkar ya amsa a bainar jama'a cewa tsarinsa ne ya gaza. Shi ya sa bayarwar kan zo da gori, ƙin karɓar kuma da girman kai.

Maganar tsawo gaskiya ce. Waɗanda suka auna mutanen ɓangarorin biyu sun samu bambancin santimita 3 zuwa 8, gwargwadon shekarun haihuwa. Kafin rabuwa babu wannan tazarar.

Ɗan Yantala, Yamai

Baba Mushe, da girmamawa, amma ka tsallake babban abu. Takunkumi fa? Mu nan Yamai ba labari aka ba mu ba. Daga ƙarshen watan Yulin 2023 da CEDEAO ta rufe mana iyakoki, Najeriya ta yanke lantarki, kaya suka maƙale a Kwatano, kowa ya ga yadda buhun shinkafa ya tashi a kasuwa, magani ya yi wuya a famasi. Wata bakwai kawai aka yi, mun ji a jikinmu. Su kuwa tun 1950 Amurka ta ɗora musu nata. Ka ɗaure mutum hannu da ƙafa, sannan ka ɗauki hotonsa ka nuna wa duniya wai ya kasa noma.

Kuma alƙaluman nan, su wa ke fitar da su? Wanda ya gudu ya isa Seul dole ya faɗi abin da mai masaukinsa ke son ji. Ni ban ce babu yunwa ba, na ce a faɗi wanda ya ƙulla ta. Ƙasar da ta ce ba za ta yi bara ba kuwa, ni ina ganin girmanta.

Mushe Ɗan Ader, Tawa

Ɗana, akwai gaskiya a rabin maganarka. Takunkumin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a Disamban 2017 ya taƙaita tataccen man da za a sayar musu zuwa ganga 500,000 a shekara, ya hana shigar da injuna da ƙarafa. A rubuce an ce abinci da magani ba sa ciki, amma tarakta da mai take tafiya, kuma ƙungiyoyin agaji da kansu sun yi kukan cewa kayansu kan yi watanni suna jiran izini, bankuna na tsoron taɓa kuɗinsu. Wannan ban musa ba.

Amma ka duba shekarun. Takunkumin Majalisar a 2006 ya fara, bayan gwajin nukiliya na farko. Babbar yunwar ta riga ta gama ɓarnarta shekaru kafin nan, kuma a ƙarshenta Amurkar ma tana cikin manyan masu aika hatsi, tare da Sin da Kudu da Japan. Iyakar Sin kuma, inda kusan duk cinikinsu ke bi, su da kansu suka rufe ta a Janairun 2020 saboda korona, har ma'aikatan agaji na waje na ƙarshe suka fita a Maris ɗin 2021.

Alƙaluman yara ba daga bakin masu gudu suka fito ba, da sikeli da katakon awo aka samo su a cikin ƙasar. A 1998 PAM da UNICEF da Tarayyar Turai suka yi awo da izinin gwamnati: kashi 62 cikin 100 na yara sun tsumbure, wajen kashi 16 suna cikin rama. A 2012 tsumburewar ta sauko kashi 28. A 2017 ta koma kashi 19, kuma ofishin ƙidayar Arewar ne ya yi aikin tare da UNICEF. Da farfaganda ce, da ba ta nuna sauƙi ba. A wannan awon na ƙarshe, Piyongyang, babban birninsu, kashi 10 ne, lardin Ryanggang da ke can kan duwatsun iyakar Sin kashi 32. Takunkumi ɗaya ne a kan wuraren biyu. Shi kansa Kim Jong Un ya faɗa a taron jam'iyya a Yunin 2021 cewa lamarin abinci ya tsananta.

Batun ƙin bara kuwa, ka tambayi manyanka abin da ya faru a nan a 2005. Fara ta ci gonaki a 2004, damina ta gaza, Shugaba Tandja ya ce babu yunwa a Nijar, a shekarar kuma ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani, galibinsu a jihar Maraɗi. Mutuncin ƙasa abu ne mai kyau, sai dai ban taɓa jin wanda ya yanke shawarar ƙin karɓa ya kwana da yunwa ba.

Tsohon Mai Mangaza, Yamai

Salamu alaikum. Ni ban yi zurfin karatu irin na Mushe ba, amma na daɗe ina riƙe makullin mangazar kayan agaji, kuma labarin Koriya duk wanda ya yi wannan aiki ya ji shi a bakin manyansa.

Malama, kawo buhu shi ne mai sauƙi. Wuyar tana ga takardar sunaye. Na taɓa karɓar takardar wani ƙauye, na tarar da sunan mutumin da ni kaina na je gaisuwar rasuwarsa. Ba zan faɗi wuri ba. Amma ni ina jin Hausa, ina iya shiga gida in tambayi matar gidan me ta ɗora jiya. A Koriya ta Arewa, shekarun farko an hana PAM kawo ma'aikacin da ke jin harshen ƙasar, tafinta na gwamnati ne, kuma sai ka ba da sanarwa kwanaki kafin ka ziyarci wuri. Wasu gundumomi ba a shiga sam. Shi ya sa PAM ta kafa ƙa'ida cewa inda ba a bar ta ta leƙa ba, ba ta sauke buhu. MSF ta tattara kayanta a 1998, Action contre la Faim a 2000, duk a kan cewa ba a barin su su kai ga waɗanda suka fi buƙata. A ƙarshen 2005 gwamnati ta ce wa PAM a tsayar da agajin gaggawa. Amurka ta yi alkawarin tan 500,000 a 2008, aka tsaya a hanya a 2009 saboda rigimar masu sa ido. A Fabrairun 2012 aka sake shirya tan 240,000, ba a yi wata biyu ba aka harba roka, magana ta mutu.

Wani abu kuma da sana'a ta koya mana: farar shinkafa ƙafa gare ta. Manya na son ta, bariki na son ta, kasuwa na son ta. Garin masara da soya mai bitamin kuwa babu babban mutumin da zai yi sha'awarsa. Don haka a shekarun da take aiki a can PAM ta koma haɗa irin wannan gari da biskit a masana'antun cikin ƙasar, ana kai wa gidajen renon yara da asibitoci da mata masu ciki da masu shayarwa. Ko a unguwar masana'antu ta Kaesong, inda kamfanonin Kudu suka ɗauki ma'aikatan Arewa sama da 50,000 kafin a rufe ta a 2016, ɗan kek ɗin Choco Pie da ake ba su na taɓa ka lashe, da yawa ba sa ci, kasuwa suke kai shi. Ni ban ga laifinsu ba. Kasuwannin nan da suka tsiro lokacin yunwa, mata ne ke riƙe da su, don namiji dole ya je wurin aiki ko babu albashi, kuma su ne suka ciyar da ƙasar bayan kati ya zama takarda kawai. Buhun da aka karkatar ma in ya faɗa kasuwa yana sauke farashi. Ba halatta sata nake ba, abin da ido ya gani nake faɗa.

A farkon 2019 an ce rabon gwamnati ya sauko giram 300 ga mutum a rana. Tiya guda wajen kilo biyu da rabi ce. Ke nan tiya ɗaya mutum ya yi kwana takwas da ita.

Uwar Tagwaye, Tawa

Na gode Baba Mushe, na gode Baba mai mangaza, Allah ya ƙara girma. Ɗan Yantala ƙanena, kai ma ka sa an fito da abin da da ba a faɗa ba.

Akwai lamba ɗaya da ta tsaya mini a wuya. Kashi 19. Mu a Nijar, awon da ake yi shekara-shekara yana nuna sama da kashi 40 na yaranmu sun tsumbure. Yawan jama'armu da nasu kusan ɗaya ne, miliyan ashirin da wani abu. Na shigo ina tausayin ƴaƴan wasu, ashe namu sun fi shiga. Na san ba komai ne za a kwatanta ba, mu muna da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa kusa-kusa da auren wuri, su kusan kowace uwa ta yi makaranta. Amma dai lambar tana nan.

Santimitocin nan da Baba ya faɗa, ni na san inda ake asararsu. Daga ɗaukar ciki zuwa yaro ya cika shekara biyu, kwana 1,000, nan ne ake gina tsawo da ƙwaƙwalwa. Mai rama in ya samu Plumpy'nut, cikin makonni za ka ga kumatu. Wanda ya tsumbure kuwa, in ya wuce shekara biyu, ko rago kake yanka masa kullum da wuya ya cike giɓin. Yarinyar da aka haifa a 1996 a Hamhung yau ita ce uwa, kuma gajeriyar uwa mai ƙarancin jini ƙaramin jariri takan haifa. Ko an yi sulhu gobe, sai an yi zuriya ɗaya ko biyu kafin sikeli ya manta. Sannan wanda aka raina da yunwa, in ya faɗa cikin maiƙo da zaƙi daga baya, ya fi saurin kamuwa da ciwon suga da hawan jini. Muna ganin haka a nan ga waɗanda suka baro ƙauye suka samu wuri a birni.

Na tuna kuma labarin sojan nan da ya tsallaka iyaka a guje a Nuwamban 2017, aka harbe shi, likitocin Kudu suka yi masa aiki suka tarar da tsutsotsi a hanjinsa, wata ta kai santimita 27. Soja ke nan, wanda ake cewa shi ake fara ba. In taki ya yi wuya aka koma zuba bayan gidan mutane a gona ba tare da an sarrafa shi ba, abin da ke biyowa ke nan. Yaro mai tsutsa da gudawa, ko ka cika masa ciki, rabin abincin ba nasa ba ne.

Amma Baba Mushe, har yanzu kana riƙe da bashina. Me suke ci?

Mushe Ɗan Ader, Tawa

Af, tsufa ya sa na bi tarihi na bar tukunya.

Asalin girkin ɗaya ne: hatsi dafaffe, miya mai ruwa, da kimchi, wato kabeji ko wani ganye da ake tsimawa da gishiri da tonka da tafarnuwa. Gidaje kan haɗu a yi na sanyi gaba ɗaya a ƙarshen kaka, kuma UNESCO ta karɓi wannan al'ada sau biyu, ta Kudu a 2013, ta Arewa a 2015, don ko a kan kabeji ba su yarda su shigar da takarda ɗaya ba.

A Arewa talaka masara yake ci, ana ɓarza ta a dafa kamar shinkafa, ko a yi taliya da ita. A kan tuddai dankalin turawa ne. Sai miyar daddawar waken soya da kimchi. Nama da ƙwai da mai sai ranar biki. Akwai wani abu da suka ƙirƙiro lokacin yunwa: tunkuzar soya da aka matse mai daga cikinta, a murza ta ta yi faɗi, a cusa shinkafa a ciki a zuba yaji, ana kiran ta naman roba ko naman hannu, kuma har yau ana sayar da ita a kasuwa. Kim Il Sung tun shekarun 1960 ya yi wa jama'a alkawarin farar shinkafa da romon nama. Awon 2017 ya nuna yaro ɗaya ne kawai cikin uku, daga wata 6 zuwa 23, ke samun abincin da ya cika mafi ƙarancin ƙa'ida. Ke kin fi ni sanin ma'anar wannan, tuwon yana nan, abin da ke gina jiki ne babu.

A Kudu abin ya juye. A 1970 mutum ɗaya kan ci kilo 136 na shinkafa a shekara, a 2023 ya koma kilo 56, kuma tun 2022 naman da suke ci ya fi shinkafar nauyi. Matansu sun ƙara tsawon santimita 20 cikin shekara ɗari, babu ƙasar da ta kai su. Shinkafa ta yi musu yawa har ajiyarta ta zama wa gwamnati nauyi, ita ce kika ji ana ba PAM, tan 50,000 a shekara tun 2018, aka ninka a 2024. Duk da haka yawancin alkama da masara da soyar da suke ci, su da dabbobinsu, sayowa suke daga waje. Ƴan makaranta na cin abincin rana kyauta, har wani magajin garin Seul ya sauka daga kujerarsa a 2011 a kan gardamar wannan abinci. Amma kada a ce babu mai kwana da yunwa. Kusan tsoho huɗu cikin goma a can talaka ne bisa awonsu, ana ganinsu a layin gidajen abincin sadaka. A 2019 aka tarar da wata mata da ta gudo daga Arewa, ita da ɗanta ɗan shekara shida, sun rasu a ɗakinsu a Seul, babu abinci a gidan, kuma an yi makonni ba wanda ya leƙa. Cikin mutum wajen 34,000 da suka tsallako, ba kowa ne ya samu dangi ba.

Kashi 19 ɗin nan kuma kada ki jingina da shi sosai, ɗiyata. Awon 2017 ne, kafin sabon takunkumi ya kama, kafin a rufe iyaka. Maganar namu yaran kuwa, ki ɗora ta daban, don ina da abin faɗi a kan waken da muke lodawa zuwa Najeriya mu bar yara da hura zalla.